Ƙarancin jini a gidan da ba a cin nama kullum

A yawancin gidajenmu, daga Fagada har zuwa sauran ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, nama baƙo ne. Akan gan shi a tukunya ranar Kirsimeti, ko ranar bikin aure, ko sa'ad da aka yi babban baƙo. Sauran kwanakin shekara kuwa tuwon gero ne ko na dawa, da miyar kuka ko ta kuɓewa, da kunu, da wake in an samu. A waɗansu ƙasashe akwai mutanen da suka bar cin nama da gangan, sukan kuma je wurin likita ya koya musu yadda za su tsare jininsu. Mu ba da gangan muka bari ba, aljihu ne ya raba mu da shi. Amma tambayar ɗaya ce: mutum zai iya samun isasshen jini daga abin da gona take bayarwa? Zai iya, 'yan'uwa, in ya san yadda zai haɗa abincin, in kuma ya toshe hanyoyin da jinin yake zurarewa.

An shirya wannan darasi domin a karanta shi tare, a zumuntar mata ko a taron magidanta. Mai karatu ya riƙa tsayawa domin kowa ya faɗi abin da ya gani a gidansa.

Mene ne ƙarancin jini?

A cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu su kai ta ko'ina cikin jiki. Abin da yake riƙe iskar a cikinsu an gina shi ne da sinadarin ƙarfe. Ƙarfen da ke jikin babban mutum duka bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙaramar ƙusa ke nan. Kowace ƙwayar jini takan yi kwana 120 ko kusa da haka ta mutu, jiki ya kwashe ƙarfenta ya ƙera sabuwa. Jiki ba almubazzari ba ne. Abin da namiji yake asara a rana kusan miligiram 1 ne kawai. Mace mai ganin al'ada takan yi asarar fiye da haka, mai ciki kuwa tana bukatar kusan miligiram 1,000 daga shigar ciki zuwa haihuwa, domin jininta, da na jariri, da mabiyiya. Shi ya sa cutar ta fi kama mata da ƙananan yara masu girma da sauri.

Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya samu cewa mata 58 cikin 100, masu shekara 15 zuwa 49, suna da ƙarancin jini a Nijeriya. A cikin yara masu wata 6 zuwa shekara 5 kuwa, 68 ne cikin 100. Ku ƙirga yara goma a ajin makarantar Lahadi na ƙanana, wajen bakwai ke nan.

Abin da ya sa ba mu lura shi ne ciwon a hankali yake zuwa. Mace ta dawo daga rijiya tana haki, ta ajiye tulu ta zauna, a ce ragwanta ce. Yarinya ta riƙa barci a aji, a ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Alamun su ne kasala, jiri in an miƙe tsaye, ciwon kai, bugun zuciya da sauri, da haki a kan ƙaramin aiki. Wata alamar da mutane ba su haɗa ta da jini ita ce kwaɗayin cin ƙasa, ko farar ƙasa, ko ɗanyar shinkafa. Mai ciki da ta kama cin ƙasa, jikinta ne yake nuna rashi. Ƙasar kuwa ba ta maganin rashin, gama tana hana ƙarfen abinci shiga jiki, tana iya kawo ƙwan tsutsa kuma.

A nan sai a tsaya a fita waje inda akwai haske. Kowa ya ja fatar idon maƙwabcinsa ta ƙasa ya duba cikinta, ya duba dasashi, da harshe, da farce, da tafin hannu. Mai lafiya nasa ja ne. In sun yi fari fat, a je asibiti a auna jini. Amma ku sani, ido ba ya kama ƙarancin jini sai ya yi nisa. Gwaji ne kaɗai yake nuna na farko-farko.

Ƙarfen yana cikin rumbunmu

Babban namiji yana bukatar kusan miligiram 8 na ƙarfe cikin abincinsa a rana, mace mai al'ada 18, mai ciki 27. Wanda ba ya cin nama, masana suna ba shi shawara ya kusan ninka wannan, domin dalilin da za mu gani nan gaba.

Wake shi ne naman talaka a wannan fanni. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kusan miligiram 4. Kofi ɗaya na farar shinkafa bai kai miligiram 1 ba. Gero ya fi shinkafa da masara ƙarfe nesa ba kusa ba, dawa ma ba laifi. Waken suya da awarar da ake yi da shi, gurjiya, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, duk suna da rabonsu. Riɗi ƙarami ne amma babban cokali ɗaya ya haura miligiram 1. Sai ganyaye: zogale, alayyafo, rama, yakuwa, tafasa, lalo, ganyen wake, ganyen kabewa, da kuka. Ban da ƙarfe, ganye da wake suna ba da wani sinadari da ake kira folik, wanda shi ma sai da shi ake ƙera jini.

Bari in faɗi abin da yake damuna. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi a 2015, shinkafa ta ƙara shiga gidaje, kuma yara sun fi son ta da tuwon gero. Ba laifi ba ne a ci shinkafa. Amma gidan da ya sauya tuwon gero da farar shinkafa da mai da yaji, ya rage jinin yaransa bai sani ba. In za a dafa shinkafa, a dafa ta da wake, waken ya yi yawa har ana ganinsa, ba wai a yi ta laluben ƙwaya ɗaya-ɗaya ba.

Wani abin kuma na magidanta ne. Da kaka mukan kwashe wake da gyaɗa da riɗi mu kai kasuwar Jega, mu bar wa gida hatsi tsurarsa. Kafin bazara sai mu dawo muna sayen waken nan da mudu a kan kuɗin da ya fi wanda muka sayar. Na san akwai kuɗin makaranta, akwai bashin taki. Duk da haka buhun wake ɗaya da aka ware wa uwargida da yara ya fi arha a kan ledar jini ɗaya a asibiti, ga kuɗin mota, ga neman wanda zai ba da jinin.

Ci daban, shiga jiki daban

Ƙarfen da ke cikin nama, hanta da kifi yana shiga jini da sauƙi. Na hatsi, wake da ganye kuwa yawancinsa wucewa yake yi ya fita da bayan gida. A abincin da kusan duk hatsi ne, abin da jiki yake iya tsotsewa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. In an gyara haɗin abincin, yana iya kai wa kashi 10. Wato tukunya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma amfanin ya ninka. Nan ne aikin uwargida yake, kuma yawancin dabarun kakanninmu sun riga sun san su, ko da ba su san dalilin ba.

A cikin ƙwayar hatsi da wake akwai wani sinadari da yake ɗaure ƙarfe ya hana hanji ɗaukarsa. Jiƙawa, tsirarwa da tsamarwa suna karya shi. Saboda haka kokon da aka jiƙa geronsa ya kwana, aka niƙa, aka bar gasarar ta yi tsami, ya fi kunun da aka dama da ɗanyen gari. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan, a dafa da sabo. Zai kuma fi saurin nuna, a rage itace. Ga kunun yara, a jiƙa gero ko dawa, a shanya a jiƙaƙƙen buhu a inuwa kwana biyu har ya fito da tsiro, a busar da shi sarai a rana, a soya sama-sama, sa'an nan a niƙa tare da soyayyen waken suya da gyaɗa. In hatsin ya yi fumfuna, a zubar, kada a ba yaro. Wajen surfe kuma kada a matsa har hatsi ya yi fari tas, gama wani kaso na ƙarfen yana tafiya da dusa, awaki su ci.

Babban abokin ƙarfe shi ne bitamin C. In sun haɗu a ciki lokaci ɗaya, ƙarfen da yake shiga jini yana iya ninkawa. Sharaɗin shi ne lokaci ɗaya. Gwaibar da yaro ya ci da hantsi ba za ta taimaki tuwon dare ba. Ana samunsa a lemon tsami, lemon zaƙi, gwaiba, gwanda, mangwaro, ɗanyen tumatir, tattasai da attaruhu. Farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka, wanda yara suke tsotsa, ya fi lemon zaƙi bitamin C sau da yawa, ga shi ana samunsa da rani sa'ad da sauran 'ya'yan itace suka yi wuya. A jiƙa shi a ruwan sha mai tsabta, a tace, a sha a kan abinci, ko a zuba a kunun yaro bayan ya huce.

Wuta tana kashe bitamin C, kanwa ma haka. Miyar da ta yi awa biyu tana tafasa da kanwa ba sauran bitamin C a cikinta. Ba na cewa a daina sa kanwa, gama na san ba mai bari. A rage ta. Waken da aka jiƙa ba ya bukatarta da yawa. A sa ganye a ƙarshen girki, a rufe tukunya, a sauke da wuri. Lemon tsami kuwa a matse shi a kwano bayan an zuba abinci, ba a kan wuta ba. Ganyen da za a ajiye domin rani a shanya shi a inuwa, ƙarfensa ba ya zuwa ko'ina, amma sauran amfaninsa rana tana cinyewa.

Ku dubi kwaɗon zogale. Ga ganye, ga ƙuli-ƙuli, ga ɗanyen tumatir, ga attaruhu, ga albasa, a matsa lemon tsami a kai. Da likita ne ya zauna ya tsara abincin jini daga abin da ke ƙauye, da wuya ya fi wannan. Kwaɗon rama da dambun gero mai zogale duk hanyarsu ɗaya. Abin takaici, waɗansu suna ganin kwaɗo abincin yunwa ne, suna jin kunyar a gan su da shi.

Mutanen Aliero za su ji daɗin wannan. A 2010 masu bincike a Maisur ta ƙasar Indiya sun gwada dafa hatsi da wake tare da albasa ko tafarnuwa, suka ga ƙarfen da yake sakuwa daga abincin ya ƙaru. A ɗakin gwaji aka yi, ba a jikin mutane ba, saboda haka ba za mu kira albasa magani ba. Amma a ƙasar da ake loda albasa a manyan motoci ana kai wa kudu, bai kamata a dafa wake babu ita ba.

Shayi kuwa abokin gaba ne. Abin da yake ba shi ɗaci da launi yana kama ƙarfe, har kofi ɗaya a kan abinci yana iya rage abin da zai shiga jini da fiye da rabi. Goro ma yana da irin wannan sinadari. Mai son shayi ya bari sai bayan awa ɗaya ko biyu da cin abinci. Ƙananan yara kuwa kada a saba musu da shi sam.

Akwai maganar da ta zama ruwan dare, cewa lemon malt da madarar gwangwani suna ƙara jini. Sukari ne da madara. Suna ba da ƙarfi na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Haka nan jan launin abin sha ba shi ne jini ba. Kuɗin kwalba ɗaya da gwangwani ɗaya zai sayi wake da busasshen kifin da za su yi wa mai jego amfanin gaske.

Da na ambaci kifi: ko ɗan kaɗan aka sa a miya, yana taimakon ƙarfen wake da ganye ya shiga jiki. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa har ƙashi, da fara a lokacinta, duk suna da amfani. Akwai kuma bitamin B12, wanda jini yake bukata, wanda kuma babu shi a hatsi ko ganye. Daga nono, ƙwai, kifi da nama ake samunsa. Saboda haka fura da nono tana da gurbinta, ko da nono ba shi da ƙarfe sosai. Ƙwan kajin gida kuma kada a sayar da shi duka. Camfin da ake yi cewa yaro mai cin ƙwai zai zama ɓarawo ya cuci yara da yawa.

Wani zai tambaya game da tukunya. A ƙasar Habasha, wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna yaran da aka riƙa dafa wa abinci a tukunyar baƙin ƙarfe sun fi samun jini a kan waɗanda aka dafa wa a ta alminiyam. Sai dai farar tukunyar da muke saya a kasuwa muna kira ta ƙarfe, yawanci alminiyam ce aka narka aka zuba, ba ta ƙara kome. Ku gwada da maganaɗisu, in bai kama ba, ba ita ba ce. Manoma kuma su tambayi malamin gona labarin irin geron da ake kira Chakti, wanda aka fitar a Jamhuriyar Nijar a 2018. Yana da ƙarfe fiye da geron da aka saba, yana kuma nuna da wuri.

Randa mai yoyo

Kome yawan ruwan da aka zuba a randa mai yoyo, ba za ta cika ba. A ƙasarmu babban yoyon shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda yake farfasa ƙwayoyin jini. A binciken 2018 yara 52 cikin 100 da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, a na 2021 kuma 49. Duka biyun ba jihar da ta kai Kebbi. Yaron da ya yi zazzaɓi sau uku da damina ɗaya, ba zogalen da zai riƙe jininsa. A kwana cikin gidan sauro kowane dare. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo gida-gida, a karɓa, a kuma ba yaro na rana ta biyu da ta uku, kada a ɓoye a ƙarƙashin katifa. Zazzaɓi ya kama, a gwada a yi magani a ranar.

Sai tsutsar ciki mai shan jini, wadda take shiga ta tafin ƙafa a inda ake bayan gida a fili. Maganinta takalmi, da masai, da ƙwayar tsutsa da ake rabawa a makarantu da asibiti. Sai tsargiya, ga masu aikin fadama da yara masu wanka a gulbi ko tafki. Yaro yana fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, akwai kuma maganinsa a asibiti. Macen da al'adarta take wuce kwana bakwai ko take zuba da gudaji, ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, kada kunya ta hana ta.

Mai ciki da jariri

A nan abinci kaɗai ba ya isa, kada kowa ya ruɗe ku. Ko matan da suke cin nama kullum ana ba su ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha ƙwayar ƙarfe ta miligiram 30 zuwa 60 tare da folik kowace rana har ta haihu. A wajen awo ake bayarwa, tare da maganin rigakafin zazzaɓi daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita tana iya kashe ta. Maigida, kai ne za ka ba da kuɗin mashin zuwa awo, kai ne kuma za ka tambaya da dare ko an sha ƙwayar.

Mata da yawa sukan daina sha domin bayan gidansu ya yi baƙi, ko ciki ya ɗaure, ko zuciya tana tashi. Baƙin bayan gida ba illa ba ne. In zuciya tana tashi, a sha da dare bayan an ɗan ci abinci, da ruwa ko ruwan lemo, ba da shayi ko madara ba. Waɗansu kuma suna tsoron ƙwayar za ta sa jariri ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Wahalar gaske ita ce ta macen da ba ta da jinin yin nishi.

Ungozoma ta jinkirta yanke cibiya minti 1 zuwa 3 bayan haihuwa, in jariri yana numfashi lafiya, gama jinin da yake gangarowa a lokacin guzurinsa ne na watanni. A ba shi nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan guzurin ya fara ƙarewa, sai a fara kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, mai wake ko gyaɗa, da garin zogale, da ƙwai ko dakakken kifi, ana ci gaba da shayarwa. Tsararren koko mai ruwa-ruwa cika ciki kawai yake yi. Tazarar shekara biyu ko fiye kafin wani cikin tana ba uwa damar mayar da abin da ta rasa.

Kashedi biyu. Ƙwayar ƙarfe guba ce ga ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa, ga ta kuwa ja kamar alewa. A ajiye ta a sama cikin abu mai murfi. Na biyu, ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. Mai ciwon sikila, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini, ƙarfe yana iya yi masa yawa, saboda haka kada a saya masa maganin ƙarin jini a kemis sai likita ya ce. Wanda kuma ya yi fari fat, yana haki yana zaune, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko yaro ya kasa shan nono, wannan ba na kwaɗo ba ne. A nemi mota a kai shi babban asibiti a ranar.

Domin tattaunawa

Me gidanku ya ci jiya daga safe zuwa dare, a wane abinci ne kuma za a iya ƙara wake, ganye ko lemon tsami ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba? A gidanku wa ake fara zuba wa kifi ko nama in an samu, wa kuma ya fi bukatarsa? Mata nawa ne masu ciki a cikin ikkilisiyarku yanzu, nawa ne a cikinsu suka fara zuwa awo?

A taro mai zuwa kowace mace ta zo da ganye iri ɗaya da ake ci a gidansu, ɗanye ko busasshe, da gwangwani ɗaya na gero. Za a jiƙa geron a wurin, a raba wa mata uku su tsirar da shi a gida, a mako na gaba a niƙa a dama kunun yara tare. Wadda take da bishiyar zogale ta taho da rassa masu kaurin sanda domin a raba a dasa a bayan ɗaki, kusa da inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya.